Waƙar gwajin jini da muke shirin rerawa: ku duba mani baitocin nan, ku ba ni shawara

'Yar Ƙofar Marusa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya sha mani kai, shi ya sa na zo.

Ɗalibar ajin ƙarshe ce ni a sashen nazarin halittu, a ɗaya daga jami'o'in da ke nan Katsina. Binciken da zan kammala digiri da shi a kan sikila ne: me ɗalibai 'yan uwana suka sani game da jinotayif ɗinsu, wato nau'in jinin da mutum ya gada daga iyaye (AA mai lafiya, AS mai ɗauke da ƙwayar sikila, SS mai ciwon), kuma su wa suka taɓa zuwa aka gwada su. Ba haka kawai na zaɓi wannan ba. Autanmu sikila ne. Yana da wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ko taɓa shi aka yi sai ya tsanyara kuka. Kakarmu ta ce amosani ne, wata maƙwabciya ta ce baki ne, sai da aka kai shi asibiti aka gane. Yanzu shekararsa 13. Na san yadda ake tashi ƙarfe biyun dare a hura gawayi a ɗora ruwa, a jiƙa tawul a gasa mashi gwiwa da ƙugu, Umma na tofa mashi addu'a, shi kuwa ya danne bakinsa da filo don kada ya ta da Baba da zai fita aiki da asuba.

Ban da karatu, tun ina aji biyu nake cikin ƙungiyar ɗalibai masu rera waƙa tare. Mu ashirin da uku ne. Da taken ƙasa muka fara, a bikin rantsar da sabbin ɗalibai, kuma da aka dawo da tsohon take a 2024 sai da muka zauna muka koye shi tun daga farko. Akwai 'yan uwanmu Kirista da suka taso cikin mawaƙan coci, su suka koya mana raba murya gida huɗu, siririya da mai kauri a ɓangaren mata, haka ma a ɓangaren maza. Mu kuma muka kawo salon da muka saba da shi a Islamiyya, ɗaya ya ba da waƙa sauran su amsa. Ba ma sa kiɗa, sai tafi. Talata da Alhamis bayan la'asar muke atisaye, ƙarƙashin wani babban bedi da ke bayan ɗakin taro. Baba ya yarda ne da sharaɗi biyu: mata su tsaya gefensu, kuma magariba ta same ni a gida.

To, ranar 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya, muna so mu yi taro a makaranta mu rera waƙa ta kanmu da Hausa. Ni aka ɗora wa rubutawa. Amshin shi ne:

A gwada jini kafin a kai lefe,
Takardar gwaji ta riga akwati.

Sai baitoci guda shida, amma biyu ne nake so ku duba mani:

AS in ya auri AS ku ji,
Cikin 'ya'ya huɗu ɗaya zai kamu.

Ƙanwata ki duba kafin ki amsa,
Kada ki haifo wahala da hannunki.

Abu na farko, waɗannan baitocin daidai suke? Na biyu, malamin da ke duba aikina ya ce in zaɓi ɗaya, ko waƙa ko digiri. Ba mugun mutum ba ne, sau biyu yana dawo mani da babi na biyu jajur da biro, ya ce duk abin da na rubuta daga waya na kwaso, ba ni da tushe ko guda. Gaskiyarsa ce. In na shiga laburare sai in tsaya ina kallon kantoci, ban san ta inda zan fara ba. Amma kuma waƙar nan ba wasa ba ce a wurina. A takardun tambayoyin da na raba, mutane da yawa da na tambaye su jinotayif sai su rubuta mani O ko B, wato ba su bambance shi da rukunin jini ba, kuma 'yan jami'a ne fa. Babina na biyu malamai uku ko huɗu ne za su karanta shi, waƙa kuwa har ƙannenmu na gida za su ɗauka. Ku taimake ni don Allah.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Ƙofar Ƙaura, ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba autanku lafiya. Amshin ya yi, kada ki taɓa shi. Baitin farko kuwa ki cire shi yau, kafin ya zauna a bakin mutane, domin abin da ya shiga waƙa ba ya fita da sauƙi.

Kin san wannan a aji, amma bari in maimaita don sauran masu karatu. Mai AS yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ɗaya A mai lafiya ɗaya S mai kawo sikila, suna zaune a kuromosom na 11. Duk lokacin da ciki ya shiga, uwa ta ba da ɗaya, uba ya ba da ɗaya. Hanyoyi huɗu ke nan: AA sau ɗaya, AS sau biyu, SS sau ɗaya. Wannan ɗaya bisa huɗun na kowane ciki ne shi kaɗai. Mahaifa ba ta riƙe lissafin abin da ya wuce. Ki ɗauki biro ki buga da kanki: a gidan da iyaye duka AS ne kuma suka haifi 'ya'ya huɗu, yiwuwar a samu sikila ɗaya tak 108 ne cikin 256, wajen kashi 42 cikin ɗari. Yiwuwar a tsira gaba ɗaya 81 cikin 256, wajen kashi 32. Sauran kashi 26 ɗin gidajen da za a samu biyu ne, ko uku, ko duka huɗun. Kin ga baitinki ko a rabin gidaje bai faɗi gaskiya ba. Illarsa biyu ce. Wanda ya haifi sikila a farko zai ce shi ke nan ya biya, uku na gaba lafiya. Wani saurayin kuma zai ce ai 'ya'ya uku zan haifa in tsaya. Na ji wannan maganar da kunnena a bakin tagar karɓar sakamako, ba sau ɗaya ba.

Yadda nake nuna wa masu shirin aure shi ne da wake. Kwano biyu, kowanne da farin wake ɗaya da ja ɗaya, farin shi ne A, jan shi ne S. Saurayi ya rufe ido ya ɗauko ɗaya a nasa, budurwa ta ɗauko a nata, a duba, sannan a mayar da waken kwanonsa kafin a sake. Mayarwar nan ita ce darasin. Wani lokacin ja da ja kan fito sau uku a jere, sai ka ga fuskarsu ta canja. Ku yi wannan a kan dandamali tsakanin baiti da baiti.

Abu na gaba, tunda amshinku cewa yake a gwada, ku faɗi wane gwaji. Akwai na gaggawa da ake ɗiga wa jini wani sinadari a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambance AS da SS. Wanda ake buƙata shi ne ilektiroforesis, inda ake ɗora jinin a kan wata 'yar takarda a sakar masa lantarki, kowane nau'in himogulobin ya yi tafiya gwargwadon cajinsa ya tsaya a layinsa. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya dakata, don jinin wani zai rikita sakamakon. Kuma a yi a wuri biyu daban. Kada ku manta da C, wani nau'in himogulobin ne shi ma: mai AS in ya auri mai AC za a iya haifar SC, shi ma ciwo ne.

Don babinki kuma: a 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya fara bayyana ƙwayoyin jinin masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna, da wani tsohon salon wannan ilektiroforesis ɗin da muke yi kullum, cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta. Vernon Ingram a Kambirij, wajen 1956 zuwa 1957, ya gano cewa cikin tubalan da ke gina wannan sashen na himogulobin ɗaya ne tak ya canja, na shida cikin 146. A DNA, rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, harafi ɗaya ne, GAG ya koma GTG. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, har yau in na tuna harafi ɗaya ne cikin kusan biliyan uku ke hana yaro barci, sai in yi tasbihi.

Uwar shida, Daura, ta amsa:

'Yata, ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ke rubuta mani wannan ina faɗa masa. Maganar da mai gwajin nan ya yi, a kaina ta faru.

Auren zumunci aka yi mana da ɗan baffana, lokacin ba wanda ke zancen gwaji. Ɗana na fari ya zo da ciwon. A asibiti wata ma'aikaciya ta ce mini ɗaya cikin huɗu ne, ki yi haƙuri. Ba ta yi ƙarya ba, ni ce na fahimta yadda baitinki ya faɗa. Na koma gida da ƙarfin gwiwa, na ce wa maigidana mun ga namu, saura lafiyayyu. Ta biyu ta zo da shi. Ranar da aka faɗa mini, a bakin ƙofar asibitin na zauna a ƙasa da goyo, na kasa ɗaga ƙafa. Cikin shida uku ne, kuma ta biyun Allah ya karɓi abarsa tana da shekara tara, cikin sanyin hunturu.

Abin da nake roƙonki ki sa a waƙar: ki faɗa cewa daga uwa da uba ne. Shekaru na sha ana cewa jinin ɗakinmu ne, har ana zuga maigidana ya ƙara aure ya samu 'ya'yan kirki. Alhali kakanmu ɗaya da shi. Shi bai taɓa faɗa mini haka ba, Allah ya saka masa da alheri, amma mata nawa ne aka saka a kan wannan? In maza ne ke rera ɓangaren mai kauri, to su ki ba su wannan baitin, ya fito daga bakinsu.

Kuma ki gaya wa iyaye a gwada tun kafin soyayya ta yi nisa. Yanzu sai an sa rana, an sayi gado da kujeru, sannan ake tura su asibiti. A lokacin wa zai iya janyewa? Nan ne ake samun masu neman a canja musu takarda. Na ji Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka ba ta shiga ɗaki ta lallashi yarinyar da ta kwana uku tana kuka. Ni 'ya'yana tun suna sakandare kowa ya san nasa.

SS ɗan shekara 31, Sabon Layi, ya amsa:

Malama, na gode da wannan ƙoƙari, kuma na san da zuciya ɗaya kika rubuta. Amma baiti na biyu ya soke ni. Kada ki haifo wahala. Ni ne wahalar. Autanku ne wahalar. Ki yi tunanin yana zaune a layin gaba ranar taron, mutum ashirin da uku suna rera wannan da murya huɗu, kuma Yayarsa ce ta rubuta.

Na taso ina jin ana cewa ba ma kai ashirin. Wani malami a firamare ya taɓa hana ni shiga gasar karatu, ya ce kada a wahalar da wanda ba daɗewa zai yi ba. Yau ina koyar da lissafi a sakandare, matata AA ce, 'ya'yanmu biyu duka AS, lafiyarsu ƙalau. Ba na ɓoye cewa ciwon yana da tsanani, ƙuguna na hagu ya lalace, ina ɗingishi, kuma ba na yi wa kowa fatan irinsa. Ni ma ina cewa a gwada. Amma a gwada don a kare yaro daga ciwo, ba don yaron shi ne masifar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S. Waɗannan an riga an haife su. Ina baitinsu? Ki rubuta masu guda: su sha ruwa da yawa, su kwana cikin gidan sauro, su rufe jiki da hunturu, kada a yi wasa da zazzaɓi ko na rana ɗaya ne, a riƙa zuwa asibiti ko ba a kwance ake ba. Akwai folik asid, akwai haidiroksiyuriya da likita ke rubutawa, wanda ke ƙara irin himogulobin ɗin da jariri ke zuwa da shi, ni ya rage mani yawan kwanciya sosai. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, tamu kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa idonmu ke yin rawaya muke saurin gajiya. Mutane su san dalili, su daina cewa lalaci ne ko langaɓu.

In akwai masu sikila a ƙungiyarku, kada a tsayar da su a rana suna jiran manyan baƙi. A ajiye masu kujera da ruwa.

Tsohon ma'aikacin laburare, Rafin Daɗi, ya amsa:

Ɗiyata, shekara talatin na yi tsakanin kantocin da kike tsayawa kina kallo, don haka bari in kama hannunki.

Galibin laburaren jami'o'inmu da tsarin haruffa suke jera littattafai. Ki nufi kantar QH, daga lamba 426 zuwa 470, nan ilimin gadon halitta yake. Cututtukan jini suna RC, ki duba wajen 641. Kada tsufan littafi ya kore ki. Abin da Mendel, uban ilimin gadon halitta, ya gano a kan wake ya buga a 1866 bai canja ba, kuma tsohon littafi yakan yi bayani a tsanake fiye da abin da waya ke ba ki. Daga nan ki samo tushe. Sabbin alƙaluma kuwa sai mujallun bincike, ki je sashen kwamfuta ki ce a nuna maki PubMed da AJOL, na farkon taskar binciken lafiya ce ta intanet, na biyun nan taskar mujallun Afirka ce, za ki samu ayyukan da aka yi a asibitocin Zariya da Kano da Sakkwato. Ki tambaya ko makarantarku na da shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun bincike. Sannan ki nemi kundayen ɗaliban da suka gabace ki, ba don ki kwafa ba, don ki bi jerin manazartarsu ki gano asalin. Ki sayi ƙaramin littafi, duk abin da kika karanta ki rubuta sunan marubuci, shekara da shafi nan take. Kuma ki yi wa ma'aikacin da ke kan tebur sallama ki faɗi buƙatarki. Mun fi jin daɗin ɗalibin da ya tambaya a kan wanda ya zo cajin waya.

Ki nemi aikin Anthony Allison na 1954 a Gabashin Afirka, wanda ya nuna cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ne amsar tambayar da za a yi maki ranar kare aiki: me ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu? Ina ganin har baiti zai yi, don mai AS ya san ba tsinuwa ya gada ba.

Game da malaminki, ban ga laifinsa ba, ya ga babi ba tushe ne ya nemi abin da ke cin lokacinki. Amma zaɓin da ya ba ki, a garin nan ba a san shi ba. Katsina ce fa, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, kuma Ɗan Marina da waƙa ya rubuta wani sashe na iliminsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara ta hannun jajinta, matan da ta horar suke zagayawa suna koyarwa. Fiƙihu, nahawu, lissafin taurari na manoma, duk an zuba su cikin baiti don a haddace. Sai dai ki lura, waɗannan bayin Allah sai da suka ƙoshi da karatu sannan suka yi waƙa. Ga shi kin gani da idonki, baiti ɗaya da bai jiƙu da karatu ba ya kusa fita da kuskure. In kin gama da QH, ki leƙa PL wajen 8231, nan littattafan Hausa suke, ki ga yadda magabata ke auna baiti.

Shawarata: mako uku ki ba laburare safiyarki duka, daga buɗewa zuwa azahar, waya a cikin jaka. Atisaye ki rage zuwa rana ɗaya. In kin kai babi mai tushe, ki haɗa da waƙar ki miƙa mashi, ki ce Malam a duba mani ko akwai kuskuren ilimi a ciki.

Mai ba da waƙa a coci, ɗan Malumfashi, ya amsa:

'Yar'uwa, sannu da aiki. Ni ta ɓangaren rerawa zan sa baki. Raba murya huɗu yana da daɗin ji, amma yana cinye kalmomi, kuma Hausa ba ta yafe wannan. Mun sha fama da shi a waƙoƙin da aka ɗora wa karin Turawa. In kuna da kalmar gado a waƙar, kuma na tabbata akwai, ku ja ga ɗin sosai ku sauke do. In masu kaurin murya suka gajarta shi don su cim ma tafi, ciwon gado na iyaye zai koma gadon kwanciya. Ki karanta kowane layi da baki kamar magana, ki ji inda murya ke hawa da sauka, sannan ki ɗora kari a kai. Kada kari ya ja kalma, kalma ta ja kari.

Baitocin da ke ɗauke da bayani, mutum ɗaya ya ba da su shi kaɗai, a fili. Murya huɗun ku ajiye ta sai amshi, tunda shi ake maimaitawa kowa zai kama. Haruffan nan AS da SS suna da wuyar ji daga nesa, duka da sautin s suke ƙarewa, don haka ku rubuta su a manyan kwalaye a ɗaga lokacin da aka ambace su.

Zafin nan na Mayu, ƙarƙashin bedi ga ƙura: kowa ya zo da gorar ruwa, ku fara da gunji a hankali baki rufe na minti biyar kafin ku buɗe murya, kuma wanda muryarsa ta dushe ya yi shiru, kada ya yi raɗa, raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro.

'Yar Ƙofar Marusa ta sake rubutawa:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Kwana tara ban leƙo ba, ina QH.

Yaya na Sabon Layi, ka yafe mani. Daren da na karanta amsarka na kasa cin tuwo. Autanmu yana kwance a tabarma yana aikin gida, na dube shi na tuna sau nawa na rera wannan baitin a tsakar gida ina wanke-wanke yana ji. Na tambaye shi, ya ce ya ji, amma ya ɗauka ba da shi nake ba. Na goge shi. Ga abin da ya maye gurbin biyun:

Kowane ciki da tasa ƙuri'a,
Na jiya bai rage wa na gobe ba.

Rabi daga uwa, rabi daga uba,
Kada a ɗora wa ɗaki ɗaya.

Mama ta Daura, na biyun maza ne za su ba da shi, kamar yadda kika ce. Allah ya jiƙan ɗiyarki, ya sa mai ceto ce. Baitin waɗanda aka riga aka haifa ina kan rubuta shi, na sa ruwa da gidan sauro da rigar sanyi, sunan maganin ne ya ƙi zama a kari, ina ganin zan ce a bi abin da likita ya rubuta kawai.

Baba na Rafin Daɗi, na yi sallama a tebur kamar yadda ka ce. Matar da ke wurin ta tashi da kanta ta kai ni kantar, ta zauna da ni wajen rabin awa a kan kwamfuta. Jiya na kai babin da manazarta goma sha tara, waƙar tana ƙarƙashi. Malam ya karanta babin, biron ya taɓa wuri huɗu kawai. Da ya zo kan waƙar ya yi shiru, ya ja layi ƙarƙashin na jiya bai rage wa na gobe ba, ya tambayi wa ya gyara mani. Bai ce in ci gaba ba, bai kuma sake cewa in bari ba. Ya ce babi na uku ranar Litinin.

Mun gwada waken ranar Alhamis. Ja da ja ya fito sau biyu a jere a hannun wasu da kowa ya san suna neman juna, wurin ya yi tsit, yarinyar ta ce a raka ta gwaji ranar Asabar. Autanmu ya ce shi zai riƙe kwanonin ranar taro, Umma ta ce sai in cikin inuwa ne. Yaya na Sabon Layi, in ba ka da aji ranar 19, za ka iya zuwa ka yi mana magana ta minti biyar kafin amshin ƙarshe? Kujera da ruwa suna nan.